Salkar teku da ragar kejinka a Dadin Kowa

Wani tsohon ɗalibina da yanzu yake kiwon karfasa a keji a madatsar ruwa ta Dadin Kowa ya turo min tambaya haɗe da guntun bidiyo. Ga abin da ya ce: "Malam, barka da war haka. Na ga wannan abu ya lulluɓe igiyoyi da ragar masu kiwo a teku, kamar an kwara musu ƙullun masa. An ce yana cinye wuri kuma ba ya jin magani. To mu ma ragar kejinmu tana yin wani kauri mai yauƙi duk bayan 'yan makonni. Shin shi ne? Dabba ce ko tsiro? Zai iya zuwa mana nan?"

Ƙanina, barka kadai. Bari in fara sauke maka nauyin da ke ranka. Abin da ke jikin ragarka ba shi ba ne, kuma ba zai zama shi ba muddin kogin Gongola bai koma ruwan gishiri ba. Amma ba zan sallame ka da a'a kawai ba, ka san halina in an sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Halittar da ka gani a bidiyon dabba ce. Sunanta a wurin masana Didemnum vexillum, kuma tana cikin wani babban dangi mai nau'i wajen 3,000, dukkansu mazauna teku. Hausa ba ta raɗa musu suna ba tun da ba mu da teku, don haka ni a aji salkar teku nake ce musu. Ba da ka na faɗa ba: sunan da masana suka ba dangin ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin 'yar ƙaramar jakar fata ta zuba abin sha. Duk wanda ya ga irin masu zaman kaɗaici a cikinsu, manne a jikin dutse, zai ce sunan ya dace. Jaka ce mai baki biyu, ruwa ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayan. In ka matsa ta sai ta tsarto maka ruwa a fuska, kamar yaro mai wushirya.

A cikin jakar akwai wani kwando mai ɗaruruwan ƙananan tsagogi, kamar rariyar tankaɗe. Gefen kowace tsaga akwai gashi siriri da ido ba ya gani, yana kaɗawa dare da rana yana jawo ruwa. Dabbar tana shimfiɗa majina-majina a kan kwandon, duk ƙwayar abincin da ke yawo a ruwa ta maƙale, sai a naɗe shimfiɗar kamar tabarma a tura ciki. Cinta ke nan, numfashinta ke nan, ba ta zuwa ko'ina. Zuciyarta kuma abin kallo ce: za ta yi ta tura jini gaba na ɗan lokaci, ta tsaya cak, sannan ta juya ta riƙa tura shi baya. Rigar da ke rufe jikinta kuwa an saƙa ta ne da selulos, sinadarin da ke cikin zaren auduga da takarda. A duk dabbobin duniya danginsu kaɗai aka sani suna iya haɗa wannan sinadari, aikin da muka saba gani wurin tsirrai. Saboda haka tambayarka ta dabba ko tsiro ba ta wauta ba ce, manyan masana sun daɗe suna ajiye ta a rukunin da ba nata ba, tare da su katantanwa.

Abin da ya warware zancen shi ne ɗanta. A 1866 wani masanin ƙasar Rasha mai suna Alexander Kowalevsky ya bi yadda ƙwanta yake girma, sai ya ga abin da ya fito ba jaka ba ce. Wani ɗan mitsitsin abu ne mai kai da wutsiya, sak talibambam ɗin kwaɗo da yara ke kamawa a kududdufi da damina. A cikin wutsiyar akwai wata sanda mai lanƙwasuwa, a samanta kuma jijiyar laka ta miƙe, a kai akwai ɗigon ido mai gane haske da wani ɗan ƙwallo mai gane sama da ƙasa. Wannan sandar ita ce alamar rukunin da kifi, kwaɗo, tsuntsu da ɗan Adam suke ciki, don kowannenmu yana da ita lokacin da yake ɗan tayi, kafin ƙashin baya ya maye gurbinta. Wato wannan abu da ka ce ya yi kama da ƙullun masa ya fi kusa da karfasarka a tsarin halitta fiye da yadda ƙaguwa ko jatan lande suke kusa da ita. Duk shekara in na faɗi haka a aji sai an yi dariya, sai na nuna musu hoton ɗan a na'urar ƙara girman abu, aji ya yi tsit.

Ɗan ba ya cin abinci. Aikinsa guda ne, ya nemi wurin zama, kuma 'yan awoyi ne gare shi, da wuya ya wuce kwana ɗaya yana iyo. In ya sami wuri mai tauri, dutse ko katako ko ƙarfe ko igiya, sai ya manna goshinsa da wani danƙo, wutsiyar ta tsotse ta koma cikin jiki, sandar ta narke, idon ya tafi, akasarin jijiyoyin da ya yi iyo da su su rushe. Daga nan aka samo barkwancin da ake yi cewa dabba ce da ke cinye ƙwaƙwalwarta da zarar ta sami gurbin zama. An ɗan yi ƙari a ciki, don tana barin ɗan dunƙulen jijiya da take gudanar da rayuwarta da shi. Mu malamai dai mukan tsokani juna da maganar in wani ya sami ƙarin girma ya daina karatu.

Riƙe wannan a ranka, don shi ne gindin maganar gaba: dabbar da uwarta ba ta motsi, ɗanta kuma ba ya wuce 'yan awoyi a kan hanya.

Ita Didemnum ba ta zaman kaɗaici. Wanda ya fara sauka, tsawonsa bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba, sai ya fara tsiro da 'yan'uwa daga jikinsa, su ma su tsiro da nasu, duk a cikin riga guda. Kafin ka ankara sun zama dubbai, sun zama shimfiɗa. Ka ɗauke ta kamar babban gidan haya: kowa da ƙofarsa da yake jan ruwa, amma magudanar gidan ɗaya ce, kowa a nan yake zubar da abin da ya gama da shi. Kowane ɗaya a cikinsu namiji ne kuma mace, ƙwan kuma a cikin rigar ake renonsa har ɗan ya isa fita. Rigar cike take da wasu ƙananan tsakuwoyi na alli masu siffar tauraro, fatarta kuma tana da tsami mai ƙarfi. Shi ya sa kifi ba ya sha'awarta, 'ya'yan sauran halittu ma ba sa iya zama a bayanta. Akwai 'yan katantanwa da taurarin teku da ke ɗan gutsurarta, amma ba su isa su rage mata komai ba.

Na taɓa ta da hannuna sau ɗaya, lokacin da nake karatu a Birtaniya aka kai mu wata tashar ƙananan jiragen ruwa. Muka jawo wata tsohuwar igiya daga ƙarƙashin dandamalin da ake ɗaure jirage. Igiyar da ba ta fi kaurin babban yatsa ba ta fito kamar damtsen ƙato, launinta tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa, wasu jeloli na reto daga jikinta kamar kyandir ya narke ya daskare. Na sa rai zan ji yauƙi, sai na ji tauri-tauri, kamar fatar da aka jiƙa a majema. Da na kusanto da ido na ga fuskarta duk ɗigo-ɗigo kamar an tsattsaga da allura, ga wasu layuka masu duhu suna ratsawa kamar jijiyar bayan hannu, magudanan nan ke nan. Na ja jela ɗaya a hankali, sai ta gutsure a hannuna ba gardama. Malamin da ya kai mu ya daka min tsawa kada in kuskura in jefa ta ruwa, ya miƙo bokiti. Duk ɓarɓashin da ya zuba a kan katako sai da muka tsince shi.

Dalilin tsawar shi ne hanyar yaɗuwarta ta biyu, wadda ta fi ta ƙwai haɗari. Duk gutsuren da ya faɗa ruwa yana iya rayuwa kwanaki, har makonni, igiyar ruwa na gangarawa da shi, in ya sami wuri ya sake mannewa ya kafa sabon gida. Manomi ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ka san ƙiri-ƙiri: ka sassare ta da fartanya ka bar ta a gona, ruwa ɗaya ya sauka, kowane guntu ya zama uwa. Wanda ya kankare jirginsa a cikin ruwa yana ganin tsafta yake yi, alhali shuka yake yi. Haka masu jan koma a ƙasan teku, suna yayyaga shimfiɗar suna watsa ta.

To ta yaya abin da ba ya tafiya ya zagaye duniya? Mu muka ɗauke ta. Binciken ƙwayoyin gado da aka fitar a 2009 ya nuna cewa abin da ake ta gani a ƙasashe daban-daban ana ba shi sunaye daban-daban nau'i ɗaya ne, kuma alamu sun fi karkata ga cewa gabar Japan ce mahaifarta. A can ba ta cika damun kowa ba. Ta fita ne ta hanya biyu: manne a cikin jiragen ruwa, musamman lungunan da fenti ba ya kaiwa, da kuma a bayan kawa, wato dangin makankari na teku, da ake ɗiba daga wata ƙasa a kai wata don kiwo. An gan ta a Holan a 1991. A 2001 ta bayyana a tashar Whangamata ta Niyu Zilan, daga samfurin can ne wata masaniya, Patricia Kott, ta raɗa mata sunan da take amsawa yanzu a 2002. A wannan ƙasar dai aka same ta jibge a ƙarƙashin wani jirgin dakon kaya da ya daɗe a ajiye kusa da garin Picton, daga nan ta shiga gonakin kawa na yankin Marlborough. Ta isa Ayalan a 2005, Holyhead ta yankin Wales a 2008, Sitka ta Alaska a 2010.

Mutane da yawa in an yi zancen baƙin halittun teku sai su ce ruwan da manyan jirage ke ɗiba a cikinsu don daidaita nauyi, su zubar a wata tashar. Gaskiya ne wannan hanya ta kai halittu da yawa inda ba nasu ba, har aka yi mata yarjejeniyar duniya a 2004 wadda ta fara aiki a 2017. Amma a ganina ga wannan dabbar ba nan gizo ke saƙa ba. Ɗan da ba ya kwana biyu yana iyo ba zai jure tafiyar makonni a tanki ba. Bayan jirgi da igiya da raga da kejin kiwo su ne motarta, kuma ƙananan jiragen shaƙatawa da ke yawo daga tasha zuwa tasha ba mai duba su sun fi manyan yi mata hidima.

Akwai wani abu da aka lura da shi wanda ni ya fi ba ni mamaki. A Japan gidajenta sun bambanta da juna a jini, in gida biyu suka haɗu sau da yawa kowa ja da baya yake yi. A ƙasashen da ta je baƙunta kuwa, tun da daga 'yan tsirarun kakanni suka fito, kusan duk 'yan'uwa ne, in sun haɗu sai su narke su zama gida ɗaya. Ƙarancin iri, da ya kamata ya zame mata rauni, sai ya ba ta damar yin shimfiɗar da ba ta yi a gida.

Mafi girman misali yana gabas da Amurka, a wani tudun ƙarƙashin teku mai suna Georges Bank, ɗaya daga cikin shahararrun wuraren su na duniya. An fara ganinta can a farkon shekarun 2000, zuwa 2005 ta bazu a fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 230, wato kadada 23,000, a zurfin da ya haura mita 40. Ƙasan wurin tsakuwa ce, a cikinta tsutsotsi da ƙananan halittun da kifi ke ci suke zama, a kanta kuma 'ya'yan kawa ke sauka. Shimfiɗar ta bi ta liƙe tsakuwar. Ga masu kiwo kuma ɓarnar ta fi fitowa fili: tana rufe kawa, ta toshe idon raga ruwa ya daina ratsawa, ta ƙara wa igiya nauyi har kaya su zube ƙasa, ga kuɗin ƙwadagon wankewa.

Maganar ba ta jin magani kuma, da gyara. Kashe ta ba wuya. Ruwan bilic yana kashe ta, ruwan tsami mai ƙarfi yana kashe ta, shanya a rana yana kashe ta, naɗe wuri da leda har iska ta ƙare yana kashe ta. Abin da ya gagara shi ne kashe ta duka. A Holyhead an bi ginshiƙai da sarƙoƙi da dandamali ɗaya bayan ɗaya an naɗe su da leda an zuba magani, aka ga kamar an gama, sai ga ta ta dawo, aka sake sabon zagaye. A watan Maris na 2018 kuma guguwa ta farfasa tashar, ta watsa tarkacen dandamalin a gaɓa, hankalin masu kula da muhalli ya tashi don ba a san inda kowane guntu zai yada zango ba. A tasha ke nan, inda hannu ke kaiwa. A buɗaɗɗen teku irin Georges Bank ba wanda ya ma ɗauko zancen kawar da ita.

Cikin magungunan nan akwai wanda na ajiye maka don shi ne amsar tambayarka ta uku: ruwan daɗi. Masu kiwon kawa sukan tsoma kayansu a ruwan da ba gishiri don su kashe ta, kawar ta rufe bakinta ta tsira, ita kuwa ba ta da ƙofar rufewa. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. In ya sauka ƙasa da 20 ya daɗe a haka, Didemnum ta fara mutuwa. Ruwan madatsarku ko giram ɗaya bai kai ba. Jikinta daidai yake da ruwan teku a gishiri, kuma ba ta da irin ƙodar da kifin kogi ke fitar da rarar ruwa da ita, don haka in ta shiga ruwan daɗi sai ya yi ta tsotsuwa cikin ƙwayoyin jikinta, su kumbura kamar waken da aka jiƙa, su fashe. A cikin dangin nan gaba ɗaya ba a san ko ɗaya da ke zaune a kogi ko tafki ba. Ko da wani zai ɗauko ta a jarka daga Japan ya juye a Dadin Kowa, sunan garin kaɗai ya ishe ta. Ko gabar Legas ma ba wurinta ba ne sosai, don ita 'yar ruwan sanyi ce, daga kusan daskarewa zuwa wajen digiri 24, tekunmu kuwa ya fi haka ɗumi yawancin shekara. Tana da wata 'yar'uwa mai son zafi, Didemnum perlucidum, da ta addabi masu kiwon kawa a Barazil kuma ta shiga yammacin Ostareliya, wannan ita ce ta dace masu kula da tashoshin jiragenmu su sa wa ido.

Abin da ke ragarka, tun da ka ce yauƙi gare shi kuma yana dawowa duk bayan 'yan makonni, mafi yawansa gansakuka ce da ƙwayoyin bakteriya, sun kama laka da ragowar abinci da kashin kifi. Keji wuri ne mai taki, ga rana, dole su yi murna. In ka ga wani dunƙule mai laushi kamar soso, mai ƙanana ramuka, mai ɗan kaushi in ka murza, soson ruwan daɗi ne, shi ma dabba ce amma ba dangin salka ba. In kuma ɗan ƙullutu ne garai-garai kamar kitse mai ɗigo a ciki, ƙwan katantanwa ne, kuma shi na fi so ka kula da shi, don wasu katantanwar ruwan daɗi su ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yawan kaurin ragar kansa yana gaya maka wani abu: ko abincin da kake zubawa ya fi abin da kifin ke ci, ko kejin yana inda ruwa ba ya gudu. Raga in ta toshe iska ke raguwa a cikin keji, za ka ga kifi na taruwa a sama da asuba suna buɗe baki.

Hanyar da ta ɗauki Didemnum kuwa a buɗe take a wurinmu, fasinjojin ne kawai daban. Kainuwar nan mai shunayyar fure, ba tamu ta gargajiya da ake wa kirari da dashen Allah ba, daga Kudancin Amurka take, ta shigo Najeriya ta wajen Badagiri a 1984, kuma ita ma guntu ɗaya ya ishe ta kafa gari. Kacala ba sai na ba mutanen Katagum labarinta ba: tun da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ruwa ke hawa da sauka a fadamun Haɗeja da Jama'are, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da na shinkafa, ta zama masaukin jan baki. Masunta kuma kullum suna kan hanya, yau Dadin Kowa, gobe Balanga, jibi Gubi, da kwalekwale a bayan mota da koma a jiƙe cikin buhu.

Don haka ga abin da zan so ka yi. Ka samu raga ta biyu ka riƙa musanyawa, wadda ka cire ka fitar da ita tudu nesa da bakin ruwa, ka wanke a can, ka shanya ta kwana biyu ko uku har ta bushe ƙayau. Kada ka kankare a cikin dam. Duk kejin da ka saya na hannu daga wani ruwan, ko kwalekwalen aro, rana ta fara ganinsa kafin ruwanku. 'Ya'yan kifin da aka kawo maka daga nesa ma, ruwan da suka zo a ciki a ƙasa za ka zubar. In kuma har yanzu abin jikin ragar bai kwanta maka a rai ba, yanko ɗan guntu kamar kan yatsa, ka sa a kwalba mai murfi da ruwan wurin, ka ba direban motar Gombe zuwa Bauchi da safe ya iso min kafin azahar, in sa shi a na'ura mu ga ko wane ne.